Me Ya Sa Awon Fosfet a Tankin Murjani Yake Canzawa Duk Sanda Na Gwada?

Tambaya: Ina da tankin ruwan gishiri mai cin lita 300, wata takwas ke nan da kafa shi, akwai kifaye shida da murjani masu rai a ciki. Ina auna fosfet da ƙaramar na'urar Hanna, samfurin HI713. Ranar Asabar da safe ta nuna min 0.03, da yamma 0.11, na sake gwadawa nan take ta ce 0.06, washegari kuma 0.00. Da na ga 0.11 ɗin nan sai na ƙara GFO (ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu tsotse fosfet daga ruwa) a matatar ruwan, yanzu murjanin sun fara koɗewa. Na'urar ce ta lalace, ko ruwan ne yake hawa da sauka haka? Wace lamba zan yarda da ita?

Amsa:

Ɗan'uwa, kafin komai, je ka rage GFO ɗin nan yau, kada ka bari sai gobe. Cire rabi, ko ka kashe matatar da yake ciki na kwana biyu zuwa uku. Koɗewar murjanin ta fi damuna a kan lambobin, kuma zan dawo kanta. Batun na'ura kuwa, ina kyautata zaton lafiyarta ƙalau. Ruwan ma ba ya tsalle daga 0.11 zuwa 0.06 cikin minti goma. Abin da ke canzawa tsakanin gwaji da gwaji shi ne hannunka, da kwalbarka, da kuma iyakar abin da ita na'urar za ta iya gani.

Bari mu fara da girman abin da kake nema. Fosfet ɗin nan shi ne wanda manomi ya sani a takin sufa, kuma shi ne harafin P na buhun NPK. Amma manomi da buhu yake awo, kai kuwa a ruwa mililita goma kake neman sa. Idan ruwanka na ɗauke da 0.05 ppm (ppm na nufin kaso cikin miliyan), duk fosfet ɗin da ke cikin 'yar kwalbar gwajin bai wuce rabin maikurogiram ba, wato ka raba giram ɗaya gida miliyan biyu ka ɗauki kaso ɗaya. Ɓurɓushin abincin kifi da ya maƙale a farcenka ya ninka wannan sau da yawa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yi mamaki ba idan lamba ta motsa, sai dai ya yi mamakin yadda na'urar da ke shiga aljihu take iya hango shi tun farko.

Yadda take hango shin kuwa da launi ne. Hodar gwajin da kake zubawa a kwalba tana ɗauke da sinadarin molibdet da asid ɗin askobik, wato bitamin C. A cikin ruwa mai tsami molibdet yana kama fosfet, sai askobik ya juya abin da suka haɗa ya koma shuɗi. Masana biyu, Murphy da Riley na Jami'ar Libaful a Ingila, su suka fito da wannan tsari a 1962 don auna fosfet a ruwan teku da sauran ruwaye, kuma har yau a kansa kusan duk kayan gwajin masu kiwon murjani suke tafiya. Na'urar tana haska fitila ta cikin kwalba sau biyu: sau ɗaya kafin a zuba hoda, lokacin da take nuna C1, sau ɗaya bayan launi ya fito, wato matakin C2. Bambancin hasken da ya ratsa shi take juyawa ya zama lamba. A 0.05 shuɗin nan bai kai na ruwan ɗauraya na uku bayan an sa wa farin kaya bula ba, ido ma ba ya ganin sa. Saboda haka duk abin da ya tare haske a karo na biyu wanda babu shi a karo na farko, na'urar fosfet za ta kira shi. Duk abin da ya tare haske a karon farko ya kuma gushe kafin na biyu, zai ja lambarka ƙasa, har ta kai 0.00. Kusan duk rikicin da mutane ke yi da wannan gwaji daga nan yake fitowa.

Sai kuma abin da kamfanin ya rubuta da kansa a takardar na'urar, wanda mutane kaɗan ne suke karantawa. HI713 tana auna daga 0.00 zuwa 2.50 ppm, kuma kuskuren da aka yarda mata shi ne 0.04 sama ko ƙasa, da ƙarin kashi 4 cikin ɗari na abin da ta nuna. Idan ainihin fosfet ɗinka 0.06 ne, duk lambar da ta faɗo tsakanin 0.02 da 0.10 tana cikin alƙawarinta. Duba lambobinka huɗu: biyu suna ciki, biyu sun ɗan leƙa waje kaɗan. Hannu mai tsafta yana samun abin da ya fi wannan kusanci, amma gaskiyar ita ce an yi wannan samfurin ne don faɗin awo, kai kuwa a can ƙasan ma'auninta kake aiki. Akwai samfura biyu da aka yi musamman don ƙananan lambobi. HI774 tana tsayawa a 0.90 ppm, kuskurenta 0.02 da kashi 5 cikin ɗari. HI736 kuma fosforas, wato sinadarin da ke cikin fosfet, take nunawa a ppb (kaso cikin biliyan), daga 0 zuwa 200, da kuskuren ppb 5 da kashi 5 cikin ɗari. Wanda ya sayi wannan ta ƙarshe sai ya kula da lissafi: a ninka lambar da 3.066 a raba da 1000 kafin ta zama fosfet a ppm. Idan ta nuna 20, fosfet ɗinka 0.06 ne. Na sha ganin mutum ya tashi hankalinsa don na'urar abokinsa ta ce 0.06 tasa ta ce 20, alhali magana ɗaya suke yi. Ban ce ka ruga ka sayi sabuwa ba. Gyara hannu tukuna, domin kwalba mai datti a na'ura mai tsada ƙarya mai tsada za ta yi maka.

A kwalba na fi so in daɗe, don a nan na ga mafi yawan matsala. Gilashin ba ya zama daidai ta kowane ɓangare: akwai inda ya fi kauri, akwai ƙananan ƙarce da ido ba ya kamawa. Idan a C1 ka saka ta alamar 10 mL na kallon ka, a C2 kuma ka saka ta a juye, hasken ya bi ta hanyoyi biyu daban, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba ka ratar 0.02 ko fiye. Ka zaɓi fuska ɗaya, ka riƙe ta har abada. Kuma kwalba ɗaya za ka yi amfani da ita a matakan biyu. Wasu suna cika kwalba biyu, ɗaya don C1 ɗaya don hoda, saboda tsoron na'urar ta kashe kanta kafin su gama girgizawa. Na fahimci dalilin, amma babu kwalba biyu da suke tagwaye na gaskiya. Maganin wannan tsoro shi ne ka yanke fakitin hodar ka shirya shi tun kafin ka kunna na'ura.

Bayan kwalbar ka goge ta da tsumma mai laushi marar gashi, irin na goge tabarau, duk sanda za ta shiga na'ura, sau biyu ke nan a kowane gwaji. A murfi za ka riƙe ta, ba a ciki ba. Maiƙon yatsa bayan minti biyu na girgizawa yana barin tabo daidai inda haske zai bi. Cikinta kuma kada sabulu ya taɓa shiga, kada ruwan famfo ya taɓa shiga. Wasu sabulan wanki suna ɗauke da fosfet, kuma a garuruwa da yawa na Turai da Amurka da gangan ake zuba fosfet a ruwan famfo don ya hana bututu tsatsa da sakin dalma. Ruwan rijiya ko na burtsatse ma ba ka san abin da ya kwaso ba. Tataccen ruwan RO/DI, wato wanda aka cire wa duk gishiri da ma'adanai, da kake haɗa gishiri da shi, shi kaɗai ne ruwan wanke kwalba.

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne lokacin wankewa. Da zarar ka karanta lamba, zubar da ruwan nan take. Shuɗin molibdet yana kama gilashi idan ya kwana, kamar yadda baba ke kama hannun marini, kuma ragowarsa yana shiga gwajin gaba. Ni kaina na taɓa yin kusan wata guda ina ganin lambobi suna hawa a hankali a wani tanki da nake kula da shi, ina ta ƙara canjin ruwa, ina rage wa kifaye abinci, har suka fara ramewa. Ashe kwalbar ce: nakan gama gwaji da dare in bar ta a kan tebur sai safe. Ranar da na ɗaga ta kusa da sabuwa a gaban farar takarda na ga ta ɗan dusashe. Abin ya dame ni ƙwarai, don dabbobin sun sha wuya a kan laifin da ba na ruwansu ba. Tun daga lokacin nake ɗauraye ta sau uku da RO/DI, in cika ta da shi, in rufe, in ajiye ta a haka har gwaji na gaba. Ajiye ta a cike yana hana tabon bushewa a ciki. Idan za a yi gwaji sai a zubar, a ɗauraye sau biyu ko uku da ruwan tankin, sannan a auna.

Mililita goma ɗin da sirinji za ka auna shi, sirinjin da ba ya wani aiki sai wannan. Wanda kake ba murjani abinci da shi ko kake ɗiban sinadarai da shi kada ya kusanci kwalbar.

Hodar ma tana da halinta. Takan maƙale a kusurwoyin fakiti, kuma idan wani kaso bai shiga ba launin ba ya cika, lamba ta faɗi. Ka riƙe fakitin ka ɗan buga shi da yatsa har hodar ta taru a kusurwa ɗaya, ka yanke gefe biyu da almakashi, ka buɗe shi ya zama kamar mazurari, ka zuba, ka leƙa ciki ka tabbata babu saura. Hoda mai kyau fara ce, tana zuba kamar gishirin tebur. Idan ta dunƙule ko ta yi rawaya, laima ko zafi sun taɓa ta, kuma askobik ba ya jure waɗannan. Jefar da ita. Ka ajiye kwalin a wuri mai sanyi da bushewa, ba a cikin kabad ɗin ƙarƙashin tanki ba inda tururin ruwan gishiri yake kwana. Ka duba ranar ƙarewar aiki. Idan za ka buɗe sabon kwali, ka bar fakiti biyu na tsohon ka gwada su tare da sabon a ruwa ɗaya, don wani lokaci akan sami 'yar rata tsakanin rukuni da rukuni, kuma gara ka san da ita da ka ɗora wa tanki.

Girgizawa minti biyu ce cur, da agogo, a hankali. Masu jijjiga ta da ƙarfi suna cika ruwan da ƙananan kumfa, masu gajartawa kuma suna barin ƙwayoyin hoda suna yawo. Duka biyun haske suke tarewa, duka biyun lamba suke ɗagawa. Ina zargin 0.11 ɗinka daga nan ta fito, tunda gwajin da ka sake nan take ya sauko. Bayan girgizawa ɗaga kwalbar a gaban haske. Idan ka ga kumfa a manne da gilashi, kwantar da ita ka mirgina a hankali har su hau sama. Sannan goge, saka, danna maɓallin ka riƙe har ƙidayar minti uku ta fara. Kada ka tsallake ƙidayar, kada kuma ka bar kwalbar ta daɗe ka sake karanta ta, domin launin bai gama fitowa ba kafin lokacin, kuma abin da za ta nuna bayan minti goma sha biyar ba shi aka tsara na'urar a kai ba. Kumfa a C1 kuwa akasin haka take yi. Ruwan da aka ɗebo kusa da inda sikima, wato na'urar da ke cire datti daga ruwa da kumfa, ke zubarwa yakan zo da kumfa mai laushi. Na'urar ta ɗauki sifilinta da su, su baje lokacin girgizawa, sai a karo na biyu ruwan ya fi na farko haske. Ga 0.00 ɗinka ta ranar Lahadi, idan ba GFO ɗin ne ya riga ya share ruwan ba. Batiri ma idan ya fara rauni a canza shi, AAA ɗaya ne.

Yanzu sai ruwan kansa, domin shi ma yana motsi, ko da bai kai yadda lambobinka suka nuna ba. Abinci shi ne babbar ƙofar fosfet. Bayan ciyarwa, musamman da daskararren abinci da aka zuba har da ruwan narkewarsa, fosfet yakan ɗaga na 'yan sa'o'i. Gansakuka da murjani kuma suna ta zuƙar sa. Don haka awon safe kafin ciyarwa da awon yamma bayan ciyarwa ba a kwatanta su. Ka tsayar da lokaci ɗaya, ni na fi son safe kafin a ba kifi komai, da wuri ɗaya a tsakiyar tankin, ƙasa da saman ruwa da kamar tsawon yatsa, don maiƙon da ke shimfiɗe a sama kada ya shiga. Kada ka gwada bayan ka kankare gilashi, ko ka motsa yashi, ko ka busa duwatsu, ko ka zuba wani sinadari mai sa ruwa ya yi gari. Masu amfani da lantanom kuloraid su fi kowa kula da wannan, domin yana kama fosfet ya zama farin gari mai yawo, kuma awon da aka yi kafin matata ta kwashe shi ba abin dogaro ba ne. Idan ruwanka ba ya rabuwa da ɗan gari, akwai 'yar matatar bakin sirinji mai ramin maikuron 0.45 da ake tace samfurin da ita.

Akwai kuma wani abu da ke rikita mutane ko da awonsu daidai ne. Duwatsu da yashin tankin murjani kalsiyam kabonet ne, kuma fosfet yana manne musu. Idan na cikin ruwa ya yi yawa su kama, idan ya ragu su saki. Abin da ke jikin dutse yakan ninka abin da ke cikin ruwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka canza kashi 20 cikin ɗari na ruwa, lamba ta sauka, bayan kwana biyu ta dawo inda take. Wannan ba laifin na'ura ba ne, rumbu ne yake fitar da abin da aka tara masa. Haka kuma idan ka aika ruwanka ɗakin gwajin ICP, inda ake auna sinadaran da ke cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi tsammanin lambarsu ta zo daidai da taka. ICP duk fosforas ɗin da ke cikin samfurin yake ƙirgawa, har wanda ke ɗaure a jikin ƙwayoyin halitta, hodarka kuwa sakakken fosfet kawai take kamawa. Sau da yawa tasu takan ɗan fi.

To ta yaya za ka san hannunka ya gyaru? Ɗebi ruwan tanki kofi ɗaya a mazubi mai tsafta, ka yi gwaji uku a jere daga wannan kofin, da duk ƙa'idojin da na faɗa. Fakiti uku za ka kashe, kuma ba asara ba ce. Idan ukun sun faɗo tsakanin 0.02 da juna, ka kai inda ake so, kuma ka san cewa nan gaba duk motsin da bai wuce 0.02 ba ba labari ba ne. Idan ratar ta fi haka, sauya abu ɗaya kawai, misali sabuwar kwalba, ka sake. Wannan yana nuna maka daidaituwar hannu ne. Idan kana so ka san ko lambar kanta gaskiya ce, sai ka gwada da abin da ka san adadinsa. Kamfanin yana sayar da rufaffun kwalabe masu tsayayyen launi, amma su fitilar na'urar kawai suke dubawa, ba su taɓa hoda ko hannunka. Wanda ke da sikeli mai kyau zai iya abin da ya fi: giram 1.433 na monopotasiyam fosfet a lita ɗaya ta RO/DI yana ba da 1000 ppm. Mililita 1 na wannan a cikin 99 na RO/DI ya zama 10 ppm. Mililita 1 na wannan na biyun a cikin 99 na ruwan tankinka zai ƙara masa 0.10. Auna ruwan tankin kafin ƙari da bayan ƙari. Idan ka ga ya hau da abin da ya kusa 0.10, to na'ura da hoda da hannu duk suna aiki.

Na dawo kan murjaninka. Launinsu da yawancin abincinsu daga ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya ne da ke zaune a cikin namansu, kuma waɗannan ba sa rayuwa babu fosfet. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na Jami'ar Sawsamton suka wallafa a 2013 ya nuna cewa idan naitirojin ya wadata fosfet kuma ya yi ƙaranci, murjani sun fi saurin koɗewa a ƙarƙashin zafi da haske mai ƙarfi. Tanki mai kifi shida da sabon GFO da aka ƙara kwatsam yana iya faɗawa daidai wannan hali. Ban da haka, ruwan da fosfet ɗinsa ya kai sifili na gaskiya shi ne wanda dino ke so, wannan majinar mai ruwan ƙasa da kumfa a jiki da ke rufe yashi, kuma fitar da ita ya fi saukar da fosfet wahala sau goma. A ganina 0.11 ko da gaskiya ce ba ta kai a taɓa matata ba. Tsakanin 0.03 da 0.10 wuri ne mai kyau ga yawancin tankuna, kuma na ga masu murjani lafiyayyu a sama da haka. Saurin faɗuwa shi ke cutar da su fiye da tsayin lambar.

Don haka a makonni uku masu zuwa ka riƙa gwadawa sau biyu a mako, a tsayayyun ranaku da sa'a ɗaya, ka rubuta a littafi tare da abin da ka ciyar da ranar da ka canza ruwa. Idan wata lamba ta fita daga sahun 'yan'uwanta, sake gwaji kafin ka taɓa komai, kuma kada ka ƙara ko ka rage GFO sai awo uku a jere sun nuna hanya ɗaya. Ka ci gaba da ciyar da kifayenka yadda ka saba. Idan fosfet ya tsaya a 0.00 a gwaji uku masu tsafta bayan ka rage GFO, cire sauran gaba ɗaya ka ɗan ƙara abinci. Launin murjani ba ya dawowa cikin kwana biyu, yakan ɗauki makonni, don haka ka ɗauki hotonsu yau a ƙarƙashin farin haske, ka sake ɗauka bayan sati uku a wuri ɗaya, ka turo min tare da lambobin littafin da kuma awon naitiret ɗinka, wato naitirojin da ke cikin ruwan, mu duba tare.